Wa ya kamata ya lura idan mutum ya daina zuwa coci?

Mai Tsaron Ƙofa ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa tukuna, ku yi haƙuri da ni.

Ina cikin masu tarbar jama'a a ƙofar cocinmu. Aikin kun san shi: mu nuna wa mutane wurin zama, mu zagaya da kwandon baiko, mu tashi mai gyangyaɗi ba tare da mun kunyata shi ba, idan an fara wa'azi kuma mu ƙirga jama'a. Maza nawa, mata nawa, yara nawa. A rubuta a littafi, a miƙa wa magatakarda. Wannan ƙidayar ba ta taɓa fashi ba.

Akwai wani dattijo da yake zama a bakin bencin da ke kusa da taga. Da wuri yake zuwa, ya jingine sandarsa a bango, ya warware tabaraunsa daga wani tsohon ƙyalle, ya goge shi a hankali kafin a ɗauki waƙar buɗewa. Littafin waƙoƙinsa ya tsufa har da roba ake ɗaure shi. Ba shi da yawan magana. In an tashi ya gaisa da na kusa da shi, ya kama hanya. Kwanan baya 'yarsa ta zo ofishin coci neman fasto, a nan muka ji ashe ɓarin jikinsa ya shanye tun watanni da suka wuce, ita kaɗai ke ɗawainiya da shi, har aikinta ta ajiye. Ta ce a farkon ciwon, kowace Lahadi da yamma sai ya sa ta yi masa wanka ta canja masa riga, wai mutanen coci suna nan tafe. Daga baya ya daina tambayar rigar.

Na koma na buɗe littafin ƙidaya. Babu abin da ya nuna. Jama'a ma ƙaruwa suka yi a watannin nan, wurinsa kuwa tuni wani ya zauna.

Da aka yi taro a kan maganar, fasto ya ce ba a sanar da shi ba. Dattawa suka ce ba a sanar da su ba. Zumuntar mata suka ce ai namiji ne, zumuntar maza suka ce ba ya zuwa taronsu. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, aka yi addu'a aka tashi. To ni abin da nake tambaya: a ikilisiyar da jama'a suka yi yawa, nauyin wa ne ya lura mutum ya ɓace? Me kuke yi a naku wuraren da yake aiki da gaske, ba wanda yake kwance a takarda ba?

Ɗan Mawaƙa ya amsa:

Yayana, abin da ban tausayi, amma a daina ɗora wa coci komai. Yakubu 5:14 ya ce mai rashin lafiya shi ne zai kira dattawan ikilisiya su zo su yi masa addu'a. Shi zai kira. Fasto ba ya duba, ba ya kuma mafarkin wanda ya kwanta. 'Yar tasa tana da waya, me ya hana ta bugawa tun makon farko? Wasu mutanen ba sa shiga ƙungiya ko ɗaya, ba sa zuwa addu'ar tsakiyar mako, kafin a gama albarka sun kai bakin titi, ranar da abu ya same su kuma a ce coci ba ta da ƙauna. Mu a ƙungiyar mawaƙa ko gwaji ɗaya ka rasa sai wayarka ta yi ƙara.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Ɗana na ƙofa, sannu da wannan tambaya. Na daɗe ina riƙe da kuɗin ikilisiya kafin idanuna su sa in miƙa littattafan, saboda haka ta wajen lissafi zan zo maka.

Ɗan Mawaƙa, ayar da ka kawo tana nan, ba wanda zai goge ta. Amma ka lura da ƙarshen maganarka. Me ya sa wayarka take ƙara in ka rasa gwaji? Domin ku kaɗan ne, sunanka yana cikin rajista, akwai kuma mutum guda da aikinsa ke nan ya kira suna. Ba don mawaƙa sun fi sauran jama'a ƙauna ba (na zauna a kwamitin sulhunta mawaƙa, kada ka sa in yi magana). Tsari ne ya riƙe ka. Dattijon nan ba shi da wannan tsarin. A Matiyu 25 kuma, da Ubangiji ya yi zancen marar lafiyar da aka je dubawa, bai sa sharaɗin cewa sai ya aiko ba.

Matsalar nan ta girmi dukanmu. Ka buɗe Ayyukan Manzanni. A sura ta 2 mutum wajen 3,000 suka shigo rana ɗaya, a sura ta 4 maza kaɗai sun kai wajen 5,000, ana sayar da gonaki da gidaje ana kawo kuɗin gaban manzanni. Ƙauna ba ta yi ƙaranci a Urushalima ba, kuɗi ma haka. Duk da wannan, a sura ta 6 sai ga gunaguni: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. A gaban idon Bitrus da Yahaya fa. Abin da nake so ka gani shi ne yadda manzanni suka ɗauki ƙorafin. Ba su ce ai da an sanar da mu ba. Ba su shirya wa'azi na musamman a kan ƙaunar juna ba. Cewa suka yi jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin, aka kuma rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, Istifanas da Filibus a gaba, Nikolas mutumin Antakiya a ƙarshe. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, alamar daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su. Daga ranar gwauruwar da aka tsallake ta san ƙofar da za ta buga.

Tun kafin wannan ma, a Fitowa 18, Yetro ya ga Musa yana zaune daga safe har yamma shi kaɗai, ya ce masa zai kashe kansa ya gajiyar da jama'a, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, har na goma. Fasto ɗaya ba zai san mutum ɗari biyar ba, ko da ba ya barci. Goma kuwa kowa zai iya.

Wani abu da zai yi maka daɗi. Wajen shekara ta 251 Karniliyas, bishop na Roma, ya rubuta wa takwaransa na Antakiya wasiƙa, ya lissafa ma'aikatan ikilisiyarsa: dattawa 46, dikinoni 7, har masu tsaron ƙofa irinka suna cikin lissafin. Sai ya ƙara da gwauraye da masu shan wahala fiye da 1,500 waɗanda ikilisiya take ciyarwa. A lokacin da ake tsananta wa masu bi ke nan, ba su da ginin da za su nuna wa duniya. Duk ma'aji ya san ba za ka ciyar da mutum 1,500 ba sai kana da sunayensu da inda suke kwana. Su ma ƙidaya suke yi, kamar ku. Bambancin shi ne wanda ake ƙirgawa. Ku waɗanda suka zo kuke ƙirgawa.

Na biyu, a Ingila, a garin Biristol, cikin 1742. Mutanen John Wesley, mai wa'azin da ya kafa Metodis, suna da bashin ɗakin taron da suka gina, sai wani ya kawo shawara a raba jama'a kashi-kashi, wajen mutum goma sha biyu, kowane kashi da shugaban da zai bi su gida-gida yana karɓar peni ɗaya a mako, wanda ba shi da shi shugaban ya biya masa. Kuɗi aka fita nema. Amma masu karɓar suka riƙa komowa da labari: wane yana kwance, wane ya koma shaye-shaye, gidan wane babu zaman lafiya. Wesley ya ga abin da ya samu ya fi kuɗin, daga nan ƙananan rukunan Metodis suka kafu. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai in yi dariya, domin ma'aji ne kaɗai a coci yake lura da wanda bai zo ba, shi ma don ambulan ɗin zakka.

Ga abin da muka yi a wurinmu, ya kuma yi aiki gwargwado. Muka raba membobi bisa ga inda suke zama, gidaje goma zuwa goma sha biyu a hannun mutum biyu, namiji da mace. Ba fastoci ba ne, ba a kuma ce su yi wa'azi ba. Lahadi biyu ba su ga mutum ba, su buga waya. Ta uku, su taka. Zumunta a ƙafa take, saƙon waya ba ya ganin cewa tukunya ba ta hau wuta ba. A kowane taron dattawa, kafin a taɓa maganar gini, sai an karanta sunayen waɗanda ba a gani ba da abin da aka tarar.

Maganar kuɗi kuwa, asusun taimako ya zauna dabam. Kada ku yarda a ce a ara daga ciki a sayi siminti za a mayar bayan godiyar shekara. Ban taɓa ganin an mayar ba. Mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, a rubuta, dattawa su duba littafin. Bulus da kansa, da yake tara gudummawar ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe jakar shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya ce akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya yi tafiyar tare da su, don kada wani ya sami abin zargi. In Bulus ya nemi shaida, ni da kai ba mu fi ƙarfinta ba.

Maman Biyu ta amsa:

Baba Ma'aji kun faɗi ta tsari, ni bari in faɗi ta wadda aka taimaka wa, domin na zauna a wancan gefen.

Da maigidana ya rasu, makon farko ko wurin ajiye takalmi babu a ƙofata. Waƙa, addu'a, kujeru har waje. Bayan jana'iza da 'yan kwanaki aka kwashe kujerun, gidan ya yi tsit, a lokacin ne mutuwar ta zo mini sosai. Wadda ta riƙe ni wata 'yar'uwa ce da a da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Takan zo da rana tsaka, ba ta tambaya me zan yi miki. Ta ɗaura zani a kan rigarta, ta tattara kayan makarantar yara ta wanke, ta shanya, ta zauna a bakin gado tana tsefe wa ƙaramar kai. Wani lokaci har ta tafi ba mu yi magana goma ba. Ba ta taɓa buɗe mini aya ba, sai ranar da ni na ce ta karanta mini Zabura.

Ɗana Ɗan Mawaƙa, kana tambaya me ya hana yarinyar nan bugawa. Zan gaya maka abin da yake hana mu. Kunya ɗaya ce. Na biyu, mun ga abin da ake yi da labarin mutum. Ka faɗi damuwarka a kunnen mutum ɗaya, kafin Lahadi ta zama abin addu'a a bakin mutum hamsin, kowa da ƙarin da ya yi mata. Tsegumi ne aka sa masa amin. Na uku kuma sanarwa. An taɓa kiran sunana a gaban ikilisiya, aka ce in taso in karɓi taimako, aka tafa, wani yana ɗaukar hoto da waya. Na karɓa don yara suna bukata. Amma na yi makonni ina shiga coci a makare ina fita da wuri. Matiyu 6 ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, mu kuwa har lasifika muke kunnawa.

Saboda haka in za ku naɗa masu lura, ku duba bakinsu kafin ku duba ƙwazonsu. Kada kuma ku mai da mutum mai karɓa kawai. Abin da ya komo da ni cikin jama'a shi ne ranar da aka ce in riƙa koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi domin babu malama. Da aka ce ana bukatata, a ranar na ji ni memba ce. 1 Korantiyawa 12 ya ce gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba a iya yi sai da su. Dattijonku ɓarin jiki ne ya shanye, bakin addu'arsa in yana nan ku kai masa sunayen matasa masu rubuta jarrabawa ya riƙa ɗauka.

Ku tuna da 'yar ma. Kowa zai shiga ya gai da mai ciwo ya wuce ta a ƙofa. Ita ce ba ta yi barcin kirki ba tun watanni.

Malamin Aji ya amsa:

Ƙari kaɗan a kan na Baba Ma'aji. Jastin, wanda aka kashe saboda bangaskiya a Roma, ya bayyana sujadar Lahadi ta tsakiyar ƙarni na 2. Ya ce bayan an ci Jibin Ubangiji dikinoni sukan ɗauki rabon waɗanda ba su zo ba su kai musu, baikon kuma na marayu ne da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. Wato sujada ba ta ƙare ba sai an isa gidan wanda bai zo ba, kuma ba za ka kai wa mutum ba sai ka san babu shi. Tatuliyan, marubucin Kirista na birnin Kartaj a Arewacin Afirka, wajen shekara ta 197, ya ambaci asusun da kowa yake sa abin da ya iya sau ɗaya a wata, cikin masu amfana har da tsofaffin da ba sa iya fita daga gida. A shekara ta 362 kuma Sarki Juliyan na daular Roma, wanda ya bar bangaskiya ya so ya farfaɗo da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wasiƙa cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na arna. Abokin gaba ne ya ba da wannan shaidar.

Inda nake tsoro kaɗai, Baba, kada kwamiti ya zama wurin ɓuya. Da zarar an naɗa mutum biyu, sauran sai su naɗe hannu su ce ai akwai masu yi. Mutum huɗun da suka fasa rufin ɗaki a Kafarnahum suka zura shanyayye gaban Yesu, ba wanda ya naɗa su.

Ɗan Mawaƙa ya sake amsawa:

Mama, na ji, ban taɓa kallonta ta nan ba. Amma har yanzu da saura. Akwai masu zagaya coci-coci da labari iri ɗaya, akwai kuma 'ya'yan da suke da hali su bar wa ikilisiya iyayensu. In aka buɗe ƙofa haka asusun ba zai kai wata uku ba.

Tsohon Ma'aji ya sake amsawa:

Suna nan, na gansu da idona. Wani ya zo mini da takardar asibiti wadda kwanan watanta ya sha gyara da biro har takardar ta huje. Littafi bai ce mu zama wawaye ba. 2 Tasalonikawa 3:10 ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. 1 Timoti 5 ya ce gwauruwar da take da 'ya'ya ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta, don ikilisiya ta iya da waɗanda ba su da kowa, har ya sa shekara 60 kafin a rubuta mace a jerin. Galatiyawa 6 ta ce ku ɗauki nauyin juna a aya ta 2, a aya ta 5 ta ce kowa zai ɗauki kayansa. Duka biyun gaskiya ne. Amma wa zai rarrabe mai bukata da mai dabara? Wanda ya shiga gidan. Mai zamba ofis yake zuwa, ya iya kuka, ya san ranar da kwamiti yake zama. Mai bukata ta gaske sau da yawa yana gida ya rufe ƙofa. In kuna zaune a ofis kuna jiran takardar roƙo, na farkon ne zai cinye asusun. Ni a lissafina ziyara rage ɓarna ta yi, ba ƙarawa ba. Rabin abin da masu ziyara suke tararwa ma ba na kuɗi ba ne: mai kai mutum asibiti, mai zama da shi awa biyu, mai cika masa takarda.

Malam, tsoronka daidai ne. Mu abin da muka ce wa masu lura shi ne, aikinku ku gano, sa'an nan ku raba aikin ga maƙwabta, ba ku sungume shi ku kaɗai ba. Wanda ya sungume wata shida yake yi ya gaji ya ajiye.

Mai Tsaron Ƙofa ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Mama. Mu na ƙofa mun yi magana a tsakaninmu, za mu raba layukan zama, kowa ya san fuskokin layinsa. Maganar 'yar ma na kai wa shugabar zumuntar mata, ta ce za su tsara masu karɓarta. Abin da ya rage shi ne dattawa. Ni ƙarami ne, ba na cikin majalisa, kuma tun taron nan wasu suna ganin kamar fasto ake nema da laifi. Ta yaya zan shigar da maganar raba gidaje ba tare da an ce yaro ya zo koya wa manya aiki ba?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Kada ka tashi da ita a taron jama'a, nan kowa kare kansa yake yi. Ka sami dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, ka same shi a gida, ka bar shi ya kai ta a matsayin tasa. Kada ka je da ƙorafi, ka je da takarda. Ku na ƙofa ku zauna ku rubuta sunan duk wanda kuka tuna kun daɗe ba ku gani ba, za ka yi mamakin tsawon jerin. Wanda ba ku san sunansa ba ku rubuta inda yake zama a coci da kamanninsa, wani zai gane shi. Ka roƙi magatakarda rajistar membobi ku gwada da naku. Fasto kuma a nuna masa sauƙi ake nema masa, domin gaskiyar ke nan.

Kada ku nemi a raba dukan ikilisiya rana ɗaya, za a kafa kwamitin nazari maganar ta mutu a can. Ku roƙi izinin gwadawa da unguwa ɗaya na wata uku, a kawo rahoto. Ka tabbata an sa ta cikin ajandar a rubuce, a sama da maganar gini, domin in aka fara lissafin rufi da tagogi dare ne zai tashe su.